Igiyar da Na Ɗaura wa Bokitin Bature

Mutanen yanzu ba su san ni da wata sana'a ba sai kwasar salga. In na wuce, yara su toshe hanci tun iska ba ta kai musu komai ba, manya kuma su amsa sallamata hannu a cikin riga. Ban ce su daina ba, na saba. Amma ina so ya zama a rubuce kafin a kai ni makwanci, cewa ni maginin rijiya ne, ɗan maginin rijiya, kuma ruwan da iyayen waɗannan masu toshe hancin suka sha suka girma, dagina da na mahaifina ne suka fito da shi.

Ƙauyenmu yana gindin duwatsun Dutse, cikin dabinai, ba nisa da Takur. A lokacin da nake ba da labari ina da mata da 'ya'ya biyu, ƙarfina ya kawo, Baba kuwa ya fara sunkuyawa, idonsa ya fara hazo. Shi ke tsayawa a bakin rami yana ba da umarni, ni ke sauka. Daga nan har Buji babu garin da ba a aiko a kira mu ba.

A wancan zamanin mai haƙa rijiya shi ke haƙa salga, ba wanda ya ga abin kunya a ciki. In salgar gida ta cika, ba kwashe ta ake yi ba. Wa zai taɓa ɗanye? Sai a kira mu, mu zuba toka kwando-kwando, mu kife bakin da tsohon kasko, mu bi da ƙasa mu daddale, mu dasa dutse a kai don shaida, sannan mu haƙa wa gidan sabuwa a wani lungu. Tsohuwar sai ta sha damina uku ba a taɓa ta ba. Ranar buɗewa Baba zai kunna aci-bal-bal ya zura ta da zare. In ta mutu a hanya, mu bar ramin a buɗe mu koma gida sai wani yinin. In ta kai ƙasa tana ci, sai in sauka. Abin da nake tararwa baƙar ƙasa ce mai laushi, ba wari, ko ƙuda ba ya bin ta. Masu albasa a fadama har rige-rige suke a kanta, su zo da jakuna da mangaloli su yi layi a ƙofar gidan.

Doka ɗaya ce ta riƙe mana mutunci. Kayan rijiya, wato dagi da kwando da guga da doguwar igiya, a zaure suke rataye inda kowa ke gani. Kayan salga kuwa suna bayan rumbu. Ba su taɓa kwana wuri ɗaya ba, ba su taɓa gogar juna ba. Wanda ya sauka salga, ko da ta bushe ƙayau, sai ya yi wanka ya kwana uku kafin ya leƙa rijiyar kowa. Ba a littafi Baba ya samo wannan ba, wurin ubansa ya gada, kuma duk ƙasar nan an san mu da ita. Shi ya sa ake zuba mana tuwo a akushi ɗaya da masu gida, shi ya sa Baba yake sahun farko a bayan liman.

Akwai kuma igiyar ƙugu. Gajera ce, ta ƙiri, an kitsa ta da fatar sa, baduku ya naɗe bakinta biyu da jar fata. Ita mai sauka yake ɗaurawa a ƙugu, a ƙulla ta da doguwar igiya a zura shi. Ta kakana ce. Baba yana shafa mata man shanu duk kaka, ta yi baƙi tana sheƙi. Ranar da ya daina sauka ya kwance ta daga ƙugunsa ya ɗaura mini da hannunsa, ya ce kada in fita ba ita, don ba a san lokacin da za a yi ihu akuya ko yaro ya faɗa rijiya ba. Ranar aikin salga kaɗai ake cire ta a bar ta a zaure. Babu matar da ke ɗiban ruwa a ƙasar nan da ba ta san jan bakin igiyar nan ba, don ta shiga kowace rijiya da suke sha.

Turawa ba su daɗe da karɓe ƙasa ba aka ce a gina bariki a gefen garinmu, inda Baturen rangadi zai riƙa sauka. Mu muka yanko ciyawa, mu muka kwaɓa ƙasa, aikin tilas, ba ko sannu. Da aka gama babban ɗakin sai aka ce a yi wani ɗan ƙarami a baya. Muka ɗauka rumbu ne. Ashe makewayi ne, amma ba rami. Akwati aka kawo mai huda a sama, a ƙarƙashinsa bokitin ƙarfe mai murfi, fari fat yana ƙyalli. Wallahi ranar da muka fara ganin bokitin nan sai da wata tsohuwa ta ce ina ma a ba ta ta riƙa zuba nono. Da aka gaya mana abin da ake yi a ciki, dariya muka yi har da riƙe ciki. Ni ma na yi, ban san da ni ake ba.

Ran da Bature ya sauka, da la'asar dagaci ya aiko a kira ni. Na tarar da shi a zaurensa, gefensa wani masinja zaune, bakano, da jar dara da dorina a kan cinya. Shi ke juya maganar Bature zuwa Hausa, don haka duk abin da ya faɗa ya zauna. Na durƙusa na yi gaisuwa. Dagaci bai dube ni ba, ƙasa yake kallo. Ya ce Bature yana bukatar wanda ya san aikin bayan gida, zai riƙa kwashe bokiti kullum ya kai bayan dutse ya binne ya wanke, har ya tashi. Ya ce ya duba garin duka, gidanmu ne masu wannan aikin.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ka fi kowa sani. Mu ba ma taɓa ɗanye. Salgar gidanka ma damina uku ta yi kafin in sauka."

Masinja ya kwashe da dariya. Ya ce, "Kai, ji mini ƙauyanci! Wai ɗanye da busasshe. Kashi har yana da dafaffe?"

Na juya ga dagaci. Na ce, "To ga shawara, ranka ya daɗe. A ba ni kwana uku in haƙa wa Bature salga mai gaba huɗu, in yi mata baki da murfi. Shekara goma zai yi bai ji wari ba, kuma ba mai ɗaukar masa komai."

Masinja ya ce Bature ba ya son rami, wai rami yana ɓata ruwan ƙasa. Ku ji fa! Ni da na san inda kowace jijiyar ruwa ta bi a ƙarƙashin garin nan, ni za a koya wa nisan salga da rijiya. Har yau ban sani ba ko ya kai wa Baturen maganata ko a cikinsa ya bar ta. Dagaci ya ce, har yanzu yana kallon ƙasa, "Ka yi haƙuri. Kwana goma sha biyu ne kawai. In ba kai ba, sai tsohonka." Ya san inda zai taɓa ni. Na ce na ji.

Da a ce da asuba ake aikin, da wataƙila yau wani labarin nake bayarwa. Amma Baturen nan ba ya shiga ɗakin sai ya sha shayinsa, sai hantsi ya dubi ludayi. Kuma hanyar bayan dutse ɗaya ce tal, ta gaban rijiyar masallaci ta bi, daidai lokacin da matan gari suke cike da bakinta. Rijiyar nan ni da Baba muka haƙa ta, gaba goma sha ɗaya, wata biyu muna fama da marmara. Ta gabanta zan wuce da kashin wani ƙato.

Masinja ya ce in yi gammo in ɗora a ka, ya fi sauri. Na ce ko za a yanka ni ba zan ɗora ba. Kan da nake kaiwa ƙasa sau biyar a yini? A hannu na riƙe shi, na miƙar da hannun nesa da jikina, ina tafiya a karkace kamar mai ciwon haƙarƙari. Ranar farko matan suka ja tulunansu gefe. Wata ta ce, "Sannu, Allah ya fid da kai." Wannan sannun ta fi mini zagi ciwo.

Nan ne na yi wautar da ta cinye ni. A dokar gidanmu, igiyar ƙugu a zaure ya kamata in bar ta. Amma zuciya ta ce mini wannan ai ba aikinmu ba ne, ba salga ba ce, zalunci ne aka ɗora mini, in na cire igiyar kamar na yarda ke nan cewa sana'ata ce. Kuma, in faɗi gaskiya tunda tsufa ya zo, so nake matan nan su ga jan bakinta yana lilo a ƙuguna, su tuna ko ni wane ne. Saboda haka kullum sai na ɗaura ta a saman riga, ba a ƙasa ba. Matata ta ce, "Malam, da ka bar ta a gida." Na daka mata tsawa na ce ta yi harkar tukunyarta.

Rana ta shida, ina daf da rijiyar, kunnen bokitin ya ɓalle. Ƙarfen mariƙin ya zame ta gefe ɗaya, bokitin ya karkata, murfin ya faɗi, kaɗan ya zuba a kan hanya. Na yi maza na dire shi. Matan suka yi salati suka ja da baya. Sai ga masinja a guje, yana cewa Bature ya hau doki, ta nan zai biyo zuwa gonaki, in ya tarar da wannan a hanya daga ni har dagaci sai mun sha dorina.

Ya ce, "Ɗauka ka ɗora a ka! Maza!"

Na ce, "Ba zan ɗora ba."

Ya ɗaga dorinar. Ina jin kofaton doki a bayan dabinai. Na duba hagu da dama, ko tsinken kaba babu a wurin. Hannuna ne ya kai ƙuguna da kansa. Na kwance igiyar kakana, na zagaya wuyan bokitin da ita, na ƙulla irin ƙullin da nake yi in zan sauka rijiya, wanda ba ya kwancewa, na ɗaga na wuce. Jan bakinta yana ja a ƙasa, ta cikin abin da ya zuba. Mata sun fi ashirin a wurin, duk a kan idonsu. Baturen ya wuce ni a kan dokinsa, ya ɗaga hannu ya ce mini sannu da irin Hausarsu.

Shekara nawa ke nan ina juya wannan a raina. Da na ɗora a ka, kai wankuwa yake yi, a aske shi ma, a yi dariya wata biyu a manta. Na hana kaina, na ba da abin da ke shiga ruwan mutane.

Kafin in dawo daga bayan dutse labari ya riga ni gida. Na wanke igiyar da toka da ruwa sau bakwai, na goge ta da yashi har jar fatar ta koɗe. Na tarar da Baba zaune a zaure a ƙarƙashin kayan rijiya. Na durƙusa. Ina jira ya zage ni, ko ya ɗaga sanda, da na ji sanyi. Ya miƙo hannu kawai. Na ɗora masa igiyar. Ya shafa ta daga baki zuwa baki, kamar yadda yake yi in zai sa mata mai. Sannan ya dafa bango ya miƙe, ya shiga cikin gida yana laluben hanya, ina bin sa a baya, har bayan rumbu. Ya rataye ta a kan turken da dagin salga yake jingine. Ya juyo ya wuce ni ya koma zaure. Daga ranar har ya bar duniya bai taɓa ambaton igiyar ba.

Na ƙarasa sauran kwana shidan. Ran da Bature zai tashi ya sa kukunsa ya ba ni wani gwangwani wanda ba komai a ciki, wai tukwici. Na kawo gida, matata ta ɗauke shi da kara biyu ta jefa a bola.

Na je wurin liman, don shi ne malamin da na yi allo a gabansa, kuma abokin Baba ne tun suna samari. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya. Wanda najasa ta taɓa, ya wanke, ya tsarkaka ko bai tsarkaka ba?" Ya ce ya tsarkaka, ba ko shakka. Ya ce ruwa yana gusar da najasa in launi da wari sun tafi, kuma wanda aka tilasta ba shi da laifi. Bai tsaya nan ba, Allah ya sani, bayan sallar azahar ya juyo ya faɗa wa jama'a haka da bakinsa, ya kama hannuna a gabansu ya riƙe. Kowa ya gyaɗa kai ya ce gaskiya ne. Na koma gida da ƙwalla a idona, na ce wa matata magana ta ƙare.

Rani ya shigo, ruwa ya ja baya, lokacin yasar rijiyoyi ya yi. A irin wannan lokacin, da, kafin in karya kumallo mutum uku sun yi sallama a ƙofarmu. Na sayi sabuwar igiyar ƙugu ta rama, na gyara kwando, na wasa dagi, na zauna a zaure. Shiru. Sati ɗaya, sati biyu. In na haɗu da mai rijiya a hanya sai ya ce ai tasu bana da sauranta, alhali na ga matarsa tana jawo laka. Ba wanda ya ce mini kai ƙazami ne. Da sun faɗa, da na san wanda zan shaƙe. Fura ce dai aka fara zuba mini a ƙwarya daban, wai don girmamawa.

Sai na ji an ɗauko wani maginin rijiya daga wajen Ringim zai yashe rijiyar masallaci. Rijiyata! Na fita ba ko hula. Na tarar da shi a bakinta yana kwance kaya, wani dogo mai ƙarancin magana, ya girme ni kaɗan. Na matso zan leƙa, sai wani dattijo ya tare ni da murmushi ya ce, "Ɗan tsaya daga nan, kada ka zame." Ni zan zame a bakin rijiyar da na san kowane dutse na cikinta. Na koma gindin tsamiya na tsaya.

Da azahar, mutane sun shiga masallaci, baƙon ya zo ya same ni a gindin tsamiyar. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce an gaya masa ni na haƙa. Ya ce yana so ya san cikinta kafin ya sauka. Na so in yi masa shiru, ya je ya gani da idonsa. Amma rai ne. Na ce masa a gaba ta bakwai akwai yashi ta gabas, mun tare shi da duwatsu uku, kada ya kuskura ya taka na tsakiyan ko ya sa masa dagi. Ya yi godiya. Ya waiga ya ga ba kowa, sannan ya rage murya.

Ya ce, "Ɗan'uwa, na ji abin da ya same ka. Ni ma na ɗauka. A barikin wajenmu, wata biyu cur, kuma a ka. Shi ya sa ka gan ni nan. A garinmu ko gugana ba a ara. Ka tattara kayanka ka yi nisa, inda ba a san ka ba, ka ci abincinka."

Na tsaya ina kallonsa, baki buɗe. Ga mutanen garinmu can suna fitowa daga masallaci, suna gyara riguna, sun kori wanda ya ɗauka kwana goma sha biyu a hannu, sun ɗauko wanda ya ɗauka wata biyu a ka, za su zura shi cikin ruwan alwalarsu. Wallahi maganar ta zo mini har maƙogwaro. Ihu ɗaya zan yi in tara su, in ga yadda fuskokinsu za su koma. Na dubi mutumin, na ga kaushin hannunsa irin nawa, na tuna shi ma wani yana jiran hatsi a gidansa. Na haɗiye. Ya sauka, ya yi aikinsa tsaf, bai taɓa dutsen tsakiya ba. Da ruwa ya kwanta aka jawo gugan farko, dattijon da ya ce kada in zame ya kurɓa ya ce bai taɓa jin ruwan rijiyar nan da daɗi haka ba. Ban taɓa gaya wa kowa sirrin baƙon nan ba sai yau, da na tabbata ƙasa ta rufe shi.

Shawararsa gaskiya ce, amma ina zan kai Baba? Idonsa ya rufe gaba ɗaya a wannan shekarar, kuma ya ce shi ba zai mutu a garin da ba rijiyarsa ba. Gonarmu 'yar mitsitsiya ce, mu da ma ba manoma ba ne. Kafin bazara rumbu ya yi ƙasa.

Mutane kuwa ba su manta da ni ba, a'a. Sun tuna da ni ta wani wajen. In salgar mutum ta cika, ga gida ya ƙuntata ba lungun haƙa sabuwa, da sai ya san yadda zai yi. Yanzu sai ya ce ai ga wane, tunda ya ɗauki na Bature. Na farkon da ya zo mini da wannan maganar na kore shi da dagi har bakin hanya. Na biyu na zage shi. Na uku ya zo ranar da 'yata ƙarama ta kwana tana kukan yunwa, ya ce zai ba da damin gero. Na shiga bayan rumbu na ɗauko kaya. Igiyar kakana tana nan a kan turke, ta bushe ta yi tauri. Na ɗaura ta na sauka cikin ɗanye, ba toka, ba damina uku. Bature ya dawo rangadi da kaka, ba a ma tsaya tambayar wa zai ɗauka ba.

Baba ya rasu a damina ta biyu bayan haka, da hantsi, ranar Alhamis. Ya yi kwana huɗu ba ya cin komai sai ruwa, kuma ba ya karɓar na ko'ina sai na rijiyar masallaci, yana gane shi a baki. Matata ke ɗebowa. Da rai ya fita na rufe masa ido, na fito na sanar. Kafin ka ce me zaure ya cika, don duk abin da aka yi mini, shi ba a daina girmama shi ba.

Aka ce a kawo ruwan wanka. Ina da sati guda ban taɓa aikin kowa ba saboda jinya, na yi wanka da safe, rigata wankakkiya. Ban yi shawara da kowa ba. Na ɗaga hannu na sauko da gugan Baba daga bangon zaure, wanda tun ranar bokiti ba a taɓa shi ba, na saɓi tulu na nufi rijiyar. Baba ne ya zaɓi wurin, shi ya buga dagin farko, ni na buga na ƙarshe har ruwa ya tsatso tsakanin yatsun ƙafata yana kabbara daga sama. Na ce a raina, ko duniya za ta tashi, ruwan da za a wanke shi da shi ni zan jawo.

Mutanen da ke bakin rijiyar suka dare. Na dire tulun, na warware igiya, na ɗora ƙafa a kan itacen bakin. Ina jin sanyin ruwan yana tasowa yana bugun fuskata, shekara biyu rabona da shi. Har na saki gugan ya fara sauka.

Sai na ji an dafa kafaɗata. Liman ne, ya biyo ni da sandarsa yana haki. Shi da ya kama hannuna a gaban jama'a ya ce na tsarkaka. Idonsa jawur, don shi ma abokinsa ya rasa. Ya sa hannu a hankali ya riƙe igiyar a saman hannuna, gugan ya tsaya yana lilo bai kai ruwa ba.

Ya ce, "Ɗana, kai da aka yi wa rashi? Kawo, bari wani ya ja. Je ka zauna ka karɓi gaisuwa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ba ka ce na tsarkaka ba?"

Ya dubi mutanen da suka kewaye mu, ya dube ni, ya ce ƙasa-ƙasa, "Jama'a ne za su sha bayanka."

Na sakar masa igiyar. Ya miƙa wa wani maƙwabcinmu, mutumin ya jawo gugan Baba sama a bushe, ya ajiye shi gefe, ya zura nasa. Na koma zaure na zauna a kan tabarma, hannuwana a kan gwiwa, ana shigowa ana cewa Allah ya ba ni haƙuri. Ta gabana aka wuce da tulunan, ɗaya bayan ɗaya, ruwan yana ɗiga a ƙasa, aka shiga da su wurin Baba.